Idan Hannu Ya Ƙi Motsi, Gira Ma Tana Danna Waya

Wannan shi ne bayanin da muka gabatar a filinmu na kiwon lafiya da fasahar zamani. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su, da waɗanda suka ji amma suna son abin da za su riƙe a hannu idan sun zo gwadawa. Maganar ta taso ne daga Zangon Lome, amma ta shafi kowane gida tun daga Kumasi har Maraɗi: mutumin da hannuwansa biyu suka daina aiki, hankalinsa kuwa garau, shin akwai yadda zai sarrafa waya ko kwamfuta da kansa?

Akwai. Kuma rabin abin da ake bukata yana cikin wayar da ke gidan tun tuni.

Duk wanda ya san Zangon Lome ya san unguwa ce da ciniki ya kafa. Tun tana tsakiyar gari, kafin a rushe ta a 1977 a mai da mutanenta can arewa wajen Agowe, harkar shanu da goro a kan amana ta tsaya: maigida ya saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya riƙe a kansa wa ke bin wa. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya yi littafi sukutum a kan haka a 1983. Yau ma amanar tana nan, sai dai ta koma cikin waya. Saƙon murya zuwa Yamai, farashin kaya daga Kwatano, kuɗi ta Flooz. To, ɗauka maigidan nan ya wayi gari hawan jini ya kayar da shi, ko ɗansa mai zemijan mota ta kaɗe shi ya karye a wuya. Abinci za a ba shi a baki, wanka za a yi masa, domin a Zango ba a yada mutum. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne sirrinsa. Kowane saƙo sai wani ya buɗe masa, ya kuma saurara tare da shi. Lambar sirrin kuɗinsa sai ya faɗa wa yaro. Matar da ke son ta kai kukanta wurin yayarta a Damagaram, wataƙila kishiyarta ce ke riƙe mata wayar. Sannu a hankali abokan ciniki su daina kiransa, su koma kiran mai riƙe masa waya. Wannan ne abin da fasahar da za mu yi magana a kai take iya mayar wa mutum, ko da ba ta mayar masa da hannu ba.

Kafin a je kasuwa, a fara duba jikin mai ciwon. Umarnin da ƙwaƙwalwa ke aikawa hannu da ƙafa yana bi ne ta laka, wato farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya. Idan laka ta ji rauni a wuya, umarnin ba ya wucewa ƙasa. Amma ido, da gira, da leɓe, da harshe, da kunci, nasu jijiyoyin kai tsaye suke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ba su bi ta lakar wuya ba. Shi ya sa za ka ga wanda ya karye a wuya bai iya ɗaga yatsa, amma fuskarsa lafiya lau, galibi muryarsa ma tana nan. Shanyewar ɓarin jiki kuwa dabam take, don a nan ƙwaƙwalwar ce da kanta ta taɓu. Sau da yawa hannu ɗaya yana da sauran ƙarfi, sai dai idan ɓarin dama ne ya shanye, magana kan tafi tare da shi, wani lokaci har da gane rubutu. Akwai kuma yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen doguwar naƙuda ko shawara mai tsanani bayan haihuwa. Jikinsu na sanƙarewa ko yana fizga, mutane su ɗauka ba su da wayo, alhali da yawansu suna fahimta sarai, hanyar amsawa ce babu.

Saboda haka ka zauna da shi lokacin da ya huta, ku nemo motsi guda ɗaya tak. Sharaɗinsa uku ne: ya iya yin sa da gangan, ya iya maimaita shi kamar sau 10 ba tare da ya galabaita ba, ya kuma iya dainawa idan ya ga dama. Babban yatsan ƙafa ne? Haɓa ce? Juya kai gefe? Ɗaga gira? Duk wanda aka samu ya isa a fara.

Za ka ce motsi ɗaya ina zai kai mutum a wayar da ke da abin taɓawa ɗari? Ga dabarar. Ka san mai talla idan ya ga baƙon da ba ya jin yarensa, yakan riƙa ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, wannan? wannan? har ya zo kan wanda baƙon zai gyaɗa kai. Haka wayar take yi. Wani zane mai launi ya riƙa zagaya abubuwan da ke fuskarta, ya tsaya kaɗan a kan kowanne. Idan ya iso kan wanda kake so, sai ka yi motsinka, ita kuma ta ɗauka ka taɓa. Wajen rubutu ma haka ne: ta haska layin haruffa, ka zaɓi layi, sannan ta bi haruffan layin ɗaya-ɗaya. Akwai jinkiri, ba za mu ɓoye maka ba. Amma da irin wannan hanya Stephen Hawking, shahararren masanin kimiyya na Jami'ar Kambirij a Ingila, ya yi aikinsa. An gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi a 1963, yana ɗan shekara 21. Ya rasa muryarsa a 1985 bayan aikin da aka yi masa a maƙogwaro. Da farko da ɗan madanni a hannu yake zaɓen kalmomi, da hannun ya gaza sai aka maƙala wata 'yar na'ura a jikin tabaransa mai lura da motsin kuncinsa. Da wannan tsoka guda ya ci gaba da rubutu da lacca har ya rasu a 2018. Kamfanin Intel da ya gina masa manhajar ya sake ta kyauta ga kowa a 2015.

Abin da ya canza shi ne yanzu dabarar tana cikin wayar Android, irin Tecno da Itel da Infinix ɗin da suka cika kasuwanninmu. Shiga saitin waya, ka nemi sashen da aka rubuta Accessibilité idan wayar da Faransanci take, ko Accessibility idan da Ingilishi ne. A ciki akwai Switch Access. Idan ba ka gan shi ba, ana saukar da shi kyauta daga Play Store. Shi madannin da mai ciwo zai riƙa bugawa ba dole sai an yi odarsa daga Turai ba. Tsohon allon buga rubutu na kwamfuta, kibod ko kilabiye, yana yi. A haɗa shi da waya da 'yar igiyar nan da masu gyara ke kira OTG, a gaya wa wayar dogon madannin ƙasa shi ne na zaɓe, a ajiye shi gefen ƙafa ko inda motsin yake. Mai gyaran waya mai basira zai iya cire sauran madannan don kada a buga su bisa kuskure.

Idan kuma wuya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi, sai fuska. Tun 2021 Google ya ƙara wani sashe cikin Switch Access mai suna Camera Switches, inda kyamarar gaba ke kallon fuskar mutum tana jiran alama. Alamu shida take ganewa: duba dama, duba hagu, duba sama, murmushi, ɗaga gira, buɗe baki. Kai ne za ka ce wace alama ke nufin “wuce gaba”, wace ce “zaɓi wannan”, wace ce “koma baya”. Ana kuma iya saita girman motsin da tsawon lokacin da za a riƙe shi kafin waya ta yarda da gangan ne. Shawararmu, kada a sa murmushi ya zama na zaɓe. Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da 'yan dubiya, kuma mutum yana cewa “Alhamdu lillahi, da sauƙi” da fara'a, sai waya ta buga wa surukinsa. Buɗe baki ma hamma na iya ɓata shi. Gira ta fi riƙe amana.

Abu biyu ne ke kayar da wannan hanya a ɗakunanmu. Na farko haske. Kyamara tana son haske ya faɗo a kan fuska, don haka kada a zaunar da mutum taga tana bayansa, kuma da dare a sa ƙaramar fitila ta gabansa. Na biyu batir, domin kyamarar da ke buɗe kullum tana shan caji kamar me. A bar wayar a jone, a kuma tanadi abin ajiyar caji saboda ranar da wuta ta ɗauke. Wayar da ta tsufa ƙwarai ko ƙwaƙwalwarta ƙarama ce tana iya yin nauyi, ta riƙa amsa alama a makare.

Mai murya kuwa hanyarsa ta fi sauri. Manhajar Voice Access, wadda Google ya fitar a 2018, tana liƙa lamba a jikin kowane abu da ke fuskar waya, ka faɗi lambar, ta taɓa maka. Wayoyin iPhone ma suna da irinta tun 2019. To amma ga inda gizo ke saƙa: umarnin da Faransanci ko Ingilishi ake ba da shi, ba da Hausa ko Kotokoli ko Ewe ba. Ga matashin da ya yi lakwal wannan ba komai ba ne. Ga dattijon da karatunsa na allo ne, sai an zauna an koya masa ƙirgan Faransanci da 'yan kalmomi kamar goma, kuma yawancin 'yan kasuwar Zango ai sun riga sun iya ƙirgan. Wani ci gaban da aka samu shi ne a ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan Afirka da allon rubutunsa na Gboard ke iya saurara ya rubuta. Yana bukatar intanet, yana kuma tuntuɓe a kan sunaye da Hausar da aka gauraya da Faransanci, irin wadda muke yi a nan bakin teku. Duk da haka, mutum ya faɗi saƙo da harshensa ya ga ya zama rubutu, ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu bari mu tsaya a kan kuɗi, don nan ne aka fi cutar marasa lafiya, kuma nan ne fasahar ta fi rauni. Murya ba ta dace da lambar sirri ba. Wanda ya faɗi lambobinsa huɗu da ƙarfi a gidan haya mai ɗaki goma, ai ya raba wa maƙwabta. A nan sai a koma gira ko madanni, a kuma juya fuskar wayar yadda shi kaɗai ke gani. Sai matsala ta biyu: shafin nan da ake shiga da tauraro da lambobi ba ya jira. Idan ka yi jinkiri sai ya yanke, ka koma farko, alhali zaɓe ɗaya-ɗaya yana cin lokaci. A gwada manhajar kamfanin maimakon lambobin tauraro, ko da yake wasu manhajojin kuɗi sukan ƙi aiki da irin waɗannan saituna saboda tsaro. Suna da hujja kuwa, domin ɓarayin intanet ma ta wannan ƙofa ta Accessibilité suke shiga wayar mutane. Don haka duk manhajar da wani ya turo ta WhatsApp yana cewa ta taimakon naƙasassu ce, kada a ba ta izini. Daga Play Store kawai. Kulle waya da zanen yatsa ma a yi tunani a kai: yatsan da mai shi ba ya iya janyewa, kowa na iya ɗaga shi ya ɗora a waya yana barci. Idan duk an gwada ba ta yiwu ba, to a zaɓi mutum ɗaya amintacce, shi mai ciwon ne zai zaɓa, a kuma bar saƙonnin shiga da fitar kuɗi suna zuwa wayar da yake iya karantawa da kansa.

Ga wanda ke son kwamfuta, ɗalibi ko mai lissafin shago, akwai Camera Mouse, manhajar da aka ƙirƙira a Kwalejin Boston ta Amurka, aka kuma mai da ita kyauta tun 2007. Kyamarar kwamfuta ce ke kama wani wuri a fuska, misali kan hanci, duk inda kai ya juya kibiyar nan ta allo ta bi. Idan ka tsayar da ita a kan abu na ɗan lokaci, ta danna. A haɗa da allon haruffa da Windows ke nunawa a fuskarta, shi ke nan an samu abin rubutu. Akwai wata mai kama da ita, eViacam, ita ma kyauta. Wanda wuyansa ke da ƙarfi kuma yana iya amfani da sandar baki ya taɓa waya kai tsaye. Sai dai icen banza ba ya yi, don gilashin waya lantarkin jikin mutum yake ji, saboda haka sandar ta zama ta ƙarfe marar nauyi mai bakin roba irin na alƙalamin taɓa waya, a kuma naɗe inda haƙori ke kamawa.

Na'urar bin ƙwayar ido ita ce ake yawan nunawa a talabijin. Tana haska ido da wani haske da ba a gani, tana auna inda yake kallo. Kamfanin Tobii na Suwidin ya yi suna a kanta, kuma ga wanda ido kaɗai ya rage masa babu kamarta. Amma cikakkiyarta dubban daloli ce, wato miliyoyin sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 52,500 a 2023. Ba ta son hasken rana, ga hunturu na busar da ido, idan ta lalace kuma mai gyara yana wata nahiya. Sababbin iPhone sun fara bin ido da kyamararsu tun 2024, ga mai hali. Batun dasa na'ura cikin ƙwaƙwalwa, irin wadda kamfanin Neuralink ya fara sa wa mutum a Janairun 2024, wannan har yanzu gwaji ne, kada kowa ya sayar da fili a kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce mutum fiye da biliyan 2.5 ne ke bukatar wani abin taimako, daga tabarau zuwa keken guragu, kuma kusan biliyan 1 ba su samu ba. Wanda ke jiran na'urar miliyoyi a wannan layi zai daɗe.

Ko da an samu waya, a yi allon takarda a ajiye. Jean-Dominique Bauby, editan mujallar Elle a Faransa, ya shanye gaba ɗaya a Disamban 1995, fatar idonsa na hagu kaɗai ke motsi. Mai taimaka masa ta riƙa karanto haruffa, shi kuma ya ƙifta idan an zo kan wanda yake so, da haka ya rubuta littafin da ya fito a Maris 1997, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. Dabararsu ita ce ba su bi a, b, c ba, sun jera haruffan ne bisa yawan fitowarsu a Faransanci. In da Hausa ne, harafin a ne zai shige gaba. Dattijon da ajami ya sani, a yi masa da ajami. Wanda bai yi karatu ba, a zana masa ko a liƙa hotuna: ruwa, bayan gida, ciwo, juya ni, salla, kira mini wane. Allon nan ba ya neman caji.

Sauran abu guda da mutane ke rainawa, alhali shi ke sa a yi watsi da komai bayan mako biyu: abin da zai riƙe wayar. Idan yaro ne ke riƙe ta, hannunsa na rawa, kyamara ta ɓatar da fuska, sirrin da ake nema kuma bai samu ba. Ana son ƙarfe mai lanƙwasa da za a ɗaure a jikin gado ko keke, ya tsayar da waya daidai ido, nisan kamar kamu ɗaya, kuma ya koma wuri ɗaya kullum. Mai walda na bakin titi zai iya, in an yi masa bayani. Lome ma ba baƙuwar irin wannan ƙira ba ce. A nan ne a 2013 Afate Gnikou na WoeLab ya haɗa injin buga kaya na 3D da tarkacen tsofaffin kwamfutoci, kuma ƙungiyar Handicap International ta gwada buga sassan ƙafar roba da irin wannan inji a Togo. Wajen zaman mai ciwo kuwa, yadda za a tallafe kai da baya, a nemi shawarar masu gashin ƙashi da motsa jiki, ko cibiyar haɗa gaɓoɓin roba ta ƙasa da ake kira CNAO a Lome. Makarantar ENAM tana horar da irin waɗannan ma'aikata, har da masu gyaran magana, waɗanda su ne suka dace da mai shanyewar ɓarin jiki da harshensa ya karye. Ƙungiyoyin naƙasassu na Togo kuma suna da haɗaɗɗiyar uwa, FETAPH, wadda ta san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa.

Kwanakin farko a yi minti 15 a huta. Gira ma tsoka ce, tana gajiya, ran mai koyo kuma yana saurin ɓaci idan waya ta buɗe abin da bai nema ba. A fara da abu ɗaya da yake marmari, kamar ɗaga kira ko kunna karatun Alƙur'ani, a rage gudun zagayen har sai ya daina kuskure, sannan a ƙara. A share fuskar waya daga tarkace, a bar abu huɗu ko biyar manya-manya. Kuma don Allah kada daɗin waya ya sa a manta da juya shi duk bayan awa 2, saboda gyambon kwanciya ya fi rashin waya haɗari nesa ba kusa ba.

Masu son aiko da tambaya a kan wani nasu, ku faɗa mana irin wayar da ke gidan, da abin da ya jawo ciwon, da motsin da kuka ga yana iya yi, da harshen da yake karantawa. Ba sai kun ambaci sunansa ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.